Baƙo a Cikin Kwamfuta: Dabarar Aron Direba Don Ƙara Saurin Wayales

Tun daga shekarar 2011 da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma, kwamfutar cinya ta zama abin gani yau da kullum a garin, a hannun ɗaliban jami'ar da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, har ma da malaman sakandare na garuruwan da ke kewaye, irin su Kurfi. Da yawa daga cikin kwamfutocin na hannu ne, sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin su iso. A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, ita kuwa Windows 11 ba ta karɓar tsofaffin kwamfutoci da dama. Mai irin wannan kwamfuta yana iya komawa ga babbar manhaja ta kyauta, kamar Linux ko FreeBSD. To, amma wani lokaci da an sauya sai a tarar wayales ya koma tafiyar hawainiya, alhali kuwa ba a taɓa ko ƙusa ɗaya a jikin na'urar ba.

Sirrin yana ga wata 'yar manhaja da ake kira direba. Ba direban mota ake nufi ba. Aikinta ya fi kama da na tafinta. A cikin kwamfutar cinya akwai wani ɗan kati, bai kai akwatin ashana girma ba, shi ne ke aikawa da karɓar saƙo ta iska. Kowane kamfani da irin yaren da katinsa ke ji, babbar manhaja kuwa ba ta jin ko ɗaya. Direba ce ke tsayawa tsakaninsu. Idan tafinta bai iya yaren sosai ba, ciniki zai yiwu, amma da nuni da 'yan kalmomi kaɗan, kuma za a daɗe ba a sallama ba.

Shi kansa yaren wayales ya yi ta girma. Ƙa'idar farko mai lamba 802.11 ta fito a 1997 da gudun megabit 2 a sakan ɗaya. A 1999 aka kai 11, a 2003 ƙa'idar 802.11g ta kai 54. Daga nan 802.11n ta zo a 2009, sai 802.11ac a 2013, wadda ke iya kai ɗaruruwan megabit. Ke nan kati na iya zama ɗan zamanin 2013, amma idan direbarsa a darasin 2003 ta tsaya, a 54 zai tsaya shi ma.

Abin da ya faru da masu amfani da FreeBSD ke nan shekara da shekaru. Wannan manhaja, wadda ta samo asali daga Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili kuma ta fito a 1993, ta yi suna wajen riƙe manyan kwamfutocin ajiya, amma masu rubuta mata direban wayales 'yan ƙalilan ne. Direbarta mai suna iwm tana tayar da katunan Intel da yawa, sai dai a tsohon gudu. Linux kuwa ma'aikatan Intel da kansu suke rubuta mata direba. Ba a iya ɗauko direbar Linux a dasa ta a FreeBSD haka kawai, domin ginin cikinsu ya bambanta. A 2021 wani masani ɗan ƙasar Hangari, Gábor Páli, ya fito da wata dabara mai suna Wifibox. Tunaninsa shi ne: tun da ba a iya raba tafinta da gidansu, sai a ɗauko shi da gidan gaba ɗaya.

A nan ne ake bukatar fahimtar kwamfutar cikin kwamfuta. Wata manhaja ce ke yanko wani ɓangare na ƙwaƙwalwar kwamfuta da ƙarfinta, ta keɓe shi, ta sa wata babbar manhaja ta zauna a ciki tana zaton ita kaɗai ce a gidan. Dabarar ba sabuwa ba ce, kamfanin IBM ya sayar da irinta tun 1972. Ta ainihi ana ce mata mai masauki, ta cikin kuwa baƙuwa, kamar dai yadda fatake ke sauka a gidan fatoma. A FreeBSD, manhajar da ke shirya wannan masauki sunanta bhyve, ta shigo a 2014.

Baƙuwar da Wifibox ke saukarwa wata 'yar ƙaramar Linux ce mai suna Alpine, wadda ƙwaƙwalwar megabait 128 ke isarta. Bisa al'ada baƙuwa ba ta taɓa kayan gida da hannunta, sai ta roƙi mai masauki. A nan kuwa akasin haka ake yi. FreeBSD tana janye hannunta daga katin wayales ɗungurungum, ta miƙa wa baƙuwar shi. Baƙuwa ta tayar da shi da direbarta ta Linux, ta haɗu da rauta da cikakken gudu, sannan ta riƙa miƙo saƙonni ga mai masauki ta wata waya ta ƙage da aka shimfiɗa tsakaninsu. Ita FreeBSD gani take an sa mata wayar sadarwa ce kurum. Wato baƙo ne ya koma ɗebo wa mai gida ruwa.

Miƙa kati haka yana da haɗari, domin kati yana rubutu kai tsaye a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma baƙuwa na iya sa shi ya yi rubutu a inda ba nata ba. Saboda haka dole kwamfutar ta kasance da wani mai gadi a jikinta, wanda Intel ke kira VT-d, AMD kuma AMD-Vi. Idan babu shi, ko an kashe shi a saitin BIOS, dabarar ba za ta tashi ba. Haka nan baƙuwa tana cin nata rabon na batir, abin da ba a raina shi a inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, kuma bayan an rufe murfin kwamfuta an buɗe sai an sake tayar da ita.

Yanzu sai lissafi. Fayil mai gigabait 1 daidai yake da megabit 8,000. Katin da aka rubuta wa 54, a zahiri kimanin 20 yake bayarwa, don haka zai ɗauki sakan 400, kusan minti 7. Idan aron direba ya kai shi 200, sakan 40 sun isa. Amma a ɗauka wani malami a Kurfi yana jawo intanet daga wayarsa ta hannu, layin kuma megabit 10 yake ba shi. Fayil ɗin zai ci sakan 800, fiye da minti 13, ko da wace direba. Ruwan madatsar Zobe komai yawansa, gwargwadon faɗin bututu mafi ƙanƙanta yake isa gida. Masu tallar dabaru irin wannan ba safai suke faɗin haka ba.

Inda ribar take shi ne cikin makaranta. Wayales daban, intanet daban. A watan Satumba na 2021 an katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. Irin wannan katsewa ba ta shafar rautar da ke ɗakin kwamfuta, domin saƙonta bai fita harabar makaranta. Makarantar da ta ajiye littattafai da tambayoyin gwaji a kwamfuta ɗaya tana iya raba su ga aji guda ba da ko kwabo na data ba, abin da ke da muhimmanci tun da jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015. A irin wannan ɗaki kati mai nawa ba kansa kaɗai yake cuta ba. Na'urorin da ke kan rauta ɗaya karɓa-karɓa suke yi da iska, mai jinkirin magana yana cinye lokacin saura.

Ya kamata a sani cewa giɓin ya fara cikewa. FreeBSD 14.3 da ta fito a watan Yuni na 2025 ta zo da 802.11ac ga katunan Intel na baya-bayan nan, saboda haka masu irinsu ba su da bukatar baƙuwa. Wanda kuma babu abin da ya ɗaure shi da FreeBSD, ya sa Linux kai tsaye ya huta.

Malami na iya gwada wannan darasi da ɗalibansa ba tare da intanet ba. A sami rauta da kwamfutoci biyu, ɗaya a haɗa ta da rautar ta waya, ɗayar ta iska. A kwafi fayil mai gigabait 1 daga ta farko zuwa ta biyu, ɗalibi ɗaya yana riƙe da agogo. A raba 8,000 da yawan sakan da aka samu, amsar ita ce gudun gaskiya. Sannan a ɗauki kwamfutar a koma bayan katangar aji na gaba a sake aunawa, a rubuta lambobin biyu a allo.