Yadda Iyaye Ma'aikata Ke Samun Lokacin Motsa Jiki a Funtua

Motsa jiki, a wurin masana kiwon lafiya, shi ne duk aikin gaɓoɓin da ke ƙara bugun zuciya da saurin numfashi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na shekarar 2020, ta yanka wa baligi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, tare da aikin ƙarfafa tsoka na kwana biyu. Matsakaicin motsi kuwa shi ne wanda mai yin sa ke iya magana, amma ba zai iya rera waƙa ba tare da numfashinsa ya sarƙe ba. Idan aka raba mafi ƙarancin adadin a kan kwana biyar, minti 30 ke nan a rana.

Abin da ake fara yi shi ne mutum ya raba gajiya da motsi, domin a nan ne akasarin magidanta ke yaudarar kansu. Manomin da ke huɗa da noma da hannunsa a gonakin masara da auduga na Funtua, Bakori da Malumfashi ya wuce wannan adadi tun daga saukar damina har zuwa kaka, amma malamin makaranta da tela da mai shagon taki, da dillalin hatsin da ke zuwa kasuwar Dandume a mota ya yini a kan benci, duk suna komawa gida a gajiye alhali jikinsu bai yi aikin kirki ba. Don haka sai mutum ya bi ranakun mako guda yana lura da mintocin da ya yi tafiyar ƙafa da sauri, sannan ya san giɓin da zai cike.

Daga nan sai a ɗaura motsin a kan lokacin da ba ya gocewa, wato lokacin salla. Wanda ya fito daga masallaci bayan Asuba, maimakon ya miƙe gida ya koma shimfiɗa, yana iya zagaya unguwa na minti 20 da sassarfa, ya dawo kafin a fara yi wa yara wanka da shirin makaranta. Bayan La'asar ma akwai sarari, lokacin da yara suka tafi Islamiyya, rana kuma ta yi sanyi. Sauran mintocin daga zirga-zirgar yau da kullum ake tsinto su: a raka yara makaranta a ƙafa a bar babur a zaure, a sauka daga Keke Napep tun kafin a kai bakin ofis, a je cefane ba tare da an aiki almajiri ba. Ƙa'idojin 2020 sun janye tsohon sharaɗin cewa sai motsi ya kai minti goma a jere kafin a ƙirga shi, saboda haka ko minti biyar yana shiga lissafi.

Lamarin uwa ya fi wuya, kuma ba a cika faɗin haka ba. Malamar asibiti ko ta makaranta tana tashi daga aiki ta faɗa girki da wanki da goyo, ga shi injin niƙa ya ɗauke surfe da daka, waɗanda su ne suka riƙe jikin iyayenta mata. Tsakar gida ya ishe ta: tafiya da sauri daga bango zuwa bango, tsallen igiya, tsugunawa da miƙewa sau goma sha biyar, ko ɗaga jarkar ruwa mai lita biyar da kowane hannu. Sai dai wannan ba ya yiwuwa sai an sami mai riƙe yaro, kuma maigidan da ya karɓi jariri na rabin sa'a ya yi wa gidansa tanadin da ya fi kuɗin magani. Mai jego da wadda aka yi wa tiyata sai sun ji ta bakin likita.

Yanayi ma yana canza tsarin. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, ana tsayawa a kan sanyin safiya tare da yawan shan ruwa, a hunturu kuma mai asma ya rufe hanci saboda hazo, da azumi a mayar da tafiyar bayan buɗa baki. Halin tsaron yankin ya sa ya fi dacewa a zagaya cikin gari ko filin makaranta tare da abokan tafiya, a bar hanyoyin bayan gari.

Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti goma, ya riƙa ƙarawa mako bayan mako. Mai hawan jini ko ciwon suga, da duk wanda ke jin ciwon ƙirji ko jiri idan ya yi sauri, ya fara zuwa asibiti a auna shi tukuna.