Nasiha Ga Masu Yawaita Gwajin Ƙididdiga

Ya ku ɗaliban ilmi, ku sani cewa wanda ya yi gwaji 20 masu zaman kansu bisa ma'aunin 0.05, alhali babu wata haƙiƙa a ƙarƙashinsu, yiwuwar aƙalla ɗayansu ya ruɗe shi ta kai kashi 64 cikin ɗari. Saɓanin nau'insu, wannan na t, wancan na kai-sukwaya, ba ya kawar da illar, domin kowanne ƙimar p yake bayarwa, kuma a kanta ake gyara. Saboda haka, tun kafin duba sakamako, ku ƙayyade gwaje-gwajen da ke amsa mas'ala guda, sa'an nan ku raba 0.05 da adadinsu bisa ƙa'idar Bonferroni. In ta yi tsanani, hanyar Holm ta 1979 ta fi rangwame. Gwajin da bai ba ku abin da kuke so ba, shi ma ku lissafa shi.