Jirgi marar matuƙi: dokokin tashinsa

Wani ƙaramin jirgin sama ya shigo zamani. Babu mutum a cikinsa. Mai shi yana tsaye a ƙasa, yana sarrafa shi da naʼura a hannu. Sunansa jirgi marar matuƙi, wasu kuma suna ce mashi dron. Ƙananansu suna da farfela huɗu, da batir, da abin ɗaukar hoto.

Amfaninsa

Wannan jirgi yana da amfani ƙwarai. A shekarar 2016 an fara kai jini asibitocin karkara da shi a ƙasar Ruwanda. A wannan shekara kuma, wani ɗan Nijar, Abdul Aziz Kunce, ya yi aiki da jirgin da ya ƙera, ya ɗauko hoton sansanonin ƴan gudun hijira a jihar Difa. A ƙasar Madarunfa yana iya auna gonakin rani na Jiratawa, ya duba ruwan tabki, ya nuna inda gulbin Maraɗi ya yi ɓarna da damina.

Amma kowane abu mai amfani yana da dokarsa. A watan Disamba na 2018 an ba da labarin ganin irin wannan jirgi kusa da filin jirgin Gatwik a Ingila. Sai aka rufe filin, aka fasa tashi da saukar jirage wajen 1,000.

Wa ke ba da izini?

Sararin sama yana hannun gwamnati, kamar yadda hanyar mota take. A shekarar 1944 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Shikago na Amurka. Aya ta 8 ta ce jirgi marar matuƙi ba ya ratsa samaniyar wata ƙasa sai da izininta na musamman. Nijar tana cikin wannan yarjejeniya. Hukumar da ke kula da jiragen sama na farar hula ita ce ANAC, tana Yamai. Can ake neman takardar izini. A Najeriya ma, tun 2016 sai da izinin hukumar jiragen sama da na ofishin tsaron ƙasa.

Dokoki shida

1. Mai jirgi ya riƙe takardar izininsa. Kafin ya fara aiki, ya gaida perefe, da jandarmomi, da maigari.
2. Kada ya tada shi kusa da filin jirgin Maraɗi, ko barikin soja, ko gidan kaso.
3. Kada ya ƙetare iyaka da shi. Daga Ɗan Isa zuwa Jibiya tafiya kaɗan ce, amma can wata ƙasa ce.
4. Jirgin ya tsaya inda idon mai shi ke ganinsa. Kada ya yi sama da yawa: a Turai iyakarsa mita 120.
5. Kada ya bi ta kan kasuwa, ko masallacin Jumaʼa, ko lakwal, ko taron biki. In batir ya ƙare, jirgin faɗuwa yake, farfelarsa kuwa tana yanka.
6. Kada ya leƙa cikin gidajen mutane. Danga sutura ce ga iyali. Ba a ɗaukar hoton mutum sai da yardarsa.

Abin da ya kamata talaka ya yi

Kowa ya san ɓarayin shanu da masu satar mutane sun dami garuruwan bakin iyaka. Saboda haka jirgin da ba a san mai shi ba, ba abin wasa ba ne. Wanda ya gan shi yana shawagi ya gaya ma maigari, shi kuma ya sanar da jandarmomi. Kada a jefe shi, kada a harbe shi. In ya faɗi a gona, kada a taɓa shi, a kori yara daga wurin, domin batirinsa yana iya kama wuta. Samari masu ɗaukar hoton biki su ma doka ta hau kansu. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don masu karatu

1. Wace hukuma ke ba da izini a Nijar?
2. Faɗi wurare uku da aka hana tada jirgin.
3. In jirgi ya faɗi a gonar mutum, me zai yi?