Shinkafar da Ta Kwana

'Yata, zo ki zauna. Ajiye wayar nan tukuna, ba guduwa za ta yi ba.

Babarki ta gaya mini albashinki ba ya kwana uku a hannunki. Kuɗin makarantar ƙannenki, maganin Baba, hayar gida, sai kuma abin da ya taso. Da alfahari ta faɗa, ni ma na ji daɗi. Allah ya yi miki albarka. Sai dai tun ranar wata ƙawata take ta faɗo mini a rai. Na ce bari in ba ki labarinta, ki ɗauki abin ɗauka.

A 1978 aka kawo ta makarantar 'yan matan da nake koyarwa. Lokacin kuɗin man fetur ya shigo, an buɗe makarantu da yawa, malamai sun yi kaɗan. Sai aka riƙa ɗauko su daga Indiya da Pakistan da Filifin. Ita 'yar Filifin ce, daga lardin Batangas, kudu da Manila. Lissafi take koyarwa. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu a kwatas.

Zogale ne ya haɗa mu. Wata yamma ina tsinkar ganye zan yi kwaɗo, sai na ji ihu a bayana. Na zaci maciji ta gani. Ashe bishiyar ta gane. Malunggay suke ce mata, kuma da ita suke romon kazar da suke kira tinola: ɗanyar citta, albasa, tafarnuwa, ɗanyen gwanda, in an kusa saukewa a watsa ganyen. Mai jego ma shi ake dafa mata don ruwan nono. Washegari na kai mata tsamiya in gwada ta. Ta haɗa ta da kifi da tumatir, ta yi wani romo mai tsami, sinigang. Na ce to, ashe dangi ne teku ta raba. Kirista ce, a ƙasarsu ana cin alade sosai, amma tunda muka fara musayar kwano ba ta yarda ya shiga tukunyarta ba. Ban roƙe ta ba. Ita ta lura.

Shinkafa kuwa sau uku a rana. In ba ta ci shinkafa ba, ko me ta ci, cewa take ba ta ci abinci ba. In kin same ta tana ci sai ta ce "kain tayo", wato mu ci, kamar yadda muke cewa bismilla. Akwai abu ɗaya da take yi kullum, ki riƙe shi, za mu dawo kansa. In ta sauke shinkafar dare, kafin ta zuba wa kowa, sai ta ɗebi ta safe ta rufe a gefe. Da safe ta soya ta da tafarnuwa, ta aza ƙwai ko busasshen kifi. Sinangag ke nan, ɗumamensu. Ta ce sabuwar shinkafa ba ta soyuwa, caɓewa take. Sai wadda ta kwana.

Ita ce 'yar fari a gidansu, kamar ke. Ƙannenta ba sa kiran sunanta gatsau, sai sun sa Ate a gaba, wato Yaya. Suna da wata magana, utang na loob, bashin da ke cikin zuciya. Wanda ya haife ki, ko ya yi miki rana, kin ɗauki bashinsa ke nan, kuma ba ya biyuwa. Yaro in ya shigo gida yakan kama hannun babba ya kai goshinsa, ya ce "mano po". Har tsarin mulkinsu na 1987 ya ɗora wa iyali nauyin kula da tsofaffinsu. Duk wannan ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ya sa ban ga laifinta ba da take aika kusan dukan albashinta gida. Yabonta ma nake yi.

Da darajar naira ta faɗi a 1986, abin da take aikawa ya zama ba ya kai ko'ina. Ta haɗa kayanta. Na ɗauka gida za ta koma. Ina! Ƙanne biyu na jami'a. Hon Kon ta tafi aikin gida. Malamar lissafi da takardar digirinta tana goge daɓe, tana renon 'ya'yan wasu. Ba ita kaɗai ba ce. Tun 1974 gwamnatin Marcos ta mai da fita aiki waje hanyar samun kuɗin shiga, har yau kuma miliyoyinsu na warwatse a duniya. Abin da suke aikawa gida ya haura dala biliyan 30 a shekara. In kin je Hajji kika kwanta a asibiti, wataƙila 'yar Filifin ce za ta ɗaura miki ruwa. Jarumai ake kiransu a ƙasarsu. Sunan ya dace, sai dai kirari ba ya sayen magani.

A wasiƙunta takan ba ni labarin kwali. Wani ƙaton kwali ne da suke kira balikbayan. Ana ajiye shi a lungun ɗaki, a yi watanni ana cika shi. Yau naman gwangwani, gobe sabulu, jibi cakulan da takalmin da aka yi wa ragi. In ya cika a naɗe shi da salatif, a ba jirgin ruwa, ya isa kafin Kirsimeti. Su kuwa tun Satumba suke fara waƙoƙin Kirsimeti, ba su da gaggawar gamawa. Tsaraba ce dai, pasalubong a bakinsu. Kwali ya je bikin ƙanwarta. Kwali ya je sunan 'ya'yan ƙanenta. Ita ran Lahadi tana zaune kan shimfiɗar kwali a tsakiyar Hon Kon tare da 'yan'uwanta masu aikin gida, suna cin adobo a roba, kazar nan da ake dafawa da ruwan khal da tafarnuwa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ranar da mahaifiyarta ta rasu, a waya ta ji.

Ta koma gida a 2010, tana da shekara 60. Ba ta yi aure ba, ba ta gina ɗaki ko ɗaya da sunanta ba. A can akwai asusun fansho na ma'aikata, SSS, amma sai kin zuba na wata 120 kafin a ba ki fansho duk wata. Shekara goma kacal. Ita da ta yi shekara talatin da biyu tana aiki ba ta cika su ba. Takan fara, sai wata larura ta taso a gida, ta ce bari sai wata mai zuwa. Malamar lissafi fa!

Ɗan abin da ta dawo da shi ta buɗe shagon tireda a gaban gida, irin wanda suke kira sari-sari. Littafin bashi ne ya cinye shi. Wa za ki hana? Wannan jikan ƙanwa, wancan maƙwabcin da ya ɗauki gawar uwarki.

Kada ki ce dangi sun yi mata butulci. Ba su yi ba. Ɗan ƙanenta, wanda ta biya wa karatu, shi ya ba ta ɗaki a gidansa. Yaran suna ce mata Lola, wato Kaka. Ita ke dafa musu abinci, ita ke duba musu aikin lissafi, da asuba ta haɗa kofin barako mai ƙarfi da aka san Batangas da shi. Gwamnati ma tana ɗan taɓukawa. A shekarar da ta koma aka yi dokar da ta ƙarfafa rangwamen kashi 20 cikin 100 ga duk wanda ya kai 60, a magani da mota da gidan abinci. Tsofaffin da ba su da komai ana ba su peso 1,000 a wata. Wanda ya kai 100 a ba shi peso 100,000, kuma tun 2024 wanda ya kai 80 ma yana samun 10,000. Takan yi dariya ta ce tana lallaɓa ranta ta kai.

Amma akwai abin da ta faɗa mini da muka sake haɗuwa a Facebook, wanda ya hana ni barci. Ta ce in maganin hawan jininta ya kusa ƙarewa, takan raba ƙwayar biyu, ta yi kwanaki tana jan lokaci, don kada ta buɗe baki ta tambaya. Ba hana ta za a yi ba. Hannun da ya saba miƙawa ne ke jin nauyin karɓa. Shi ma yaron albashinsa guda ne, ga 'ya'yansa, ga iyayensa, ga ita. Ta ce tana ganin gajiyarta ta da a fuskarsa. Abin da ta ɗauka don ta raba ƙannenta da shi, ga shi ya tsallaka ya sauka a kan ɗansu.

Na tambaye ta, ke da kike ɗebe shinkafar safe kafin ki zuba wa kowa, me ya hana ki yin haka da albashi? Ta yi shiru. Can ta ce a tukunya dabara ake kiransa, a aljihu kuwa tsoro take ji a ce rowa ce.

To 'yata, ban ce ki rufe hannu ba. Ni da kaina zan fara yi miki faɗa in kin yi. Amma da ruwan ciki akan ja na rijiya. Ran da albashi ya shigo, ɗebi naki na safe tukuna, ko kaɗan ne, ki sa inda hannunki ba ya kaiwa da sauƙi. Ko adashe ne, su ma suna yi, paluwagan suke ce masa. Ki gaya wa babarki ainihin abin da kike samu. Yawancin masu tambaya ba mugunta ce ke sa su ba, sun ɗauka rijiyar ta fi haka zurfi. In kin ce wannan watan babu, za a ɗan ɓata rai. Zai wuce. Ƙannen da suka gama karatu kuma a raba musu kaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zan yi wa babarki magana da kaina, mu tsofaffi ma muna da namu laifin. Mukan saba da abu har mu manta akwai mai ɗaukarsa.

Ki kuma riƙa zuwa da ƙafarki. Kuɗi ta waya ba ya zama a tabarma a ci tuwo da shi. Ƙawata har yau in ta kira ni ba ta fara da komai sai "kumain ka na ba?", wato kin ci abinci? Ta ce shekara da shekaru ita ke tambayar na gida haka daga nesa, yanzu kuwa tana tambaya tana riƙe da ludayi.

In kin zo hutun Sallah ki taho da takardun fanshonki na wurin aiki, mu duba ko ana zuba miki da gaske. Zogalen bayan ɗakina ya yi ganye. Ki sayo citta a hanya, kazar ina da ita.