Yadda Ake Auna Darajar Tsohon Gida

A tsofaffin birane irin su Kano da Zariya da Katsina, idan aka zo cinikin tsohon gidan ƙasa, sau da yawa dillalai kan ce kuɗin fili kawai za a biya, domin a ganinsu ginin ba shi da makoma sai rushewa. Irin wannan gaggawa takan jawo asara ta fuska biyu: ko dai a rushe gini mai ƙwari, ko kuwa a sayi rigima saboda rashin bincike. Masana harkar gidaje kan duba abubuwa uku kafin su sa wa tsohon gida farashi, watau lafiyar ginin, da yadda yake sarrafa zafi, da kuma tarihin mallakarsa.

Lafiyar Gini

Babban abokin gābar ginin ƙasa shi ne ruwa. Saboda haka akan fara da gindin bango, a ga ko laima ta zaizaye shi. Daga nan sai bangon gabas, domin a ƙasar Hausa hadari ya fi tasowa daga gabas, kuma wannan bangon ne ruwa ya fi duka. Sai a hau soro a duba indararo, a kuma duba bakin azara inda ta shiga bango. Azarar giginya ba ta cika jin tsoron gara ba, amma yoyo na shekara da shekaru yakan ruɓar da ita. Bangon da aka shafe da siminti kuwa akan ƙwanƙwasa shi. Idan ya yi amo kamar ganga, simintin ya rabu da ƙasa, wataƙila ma laima ta taru a bayansa.

Tsaga iri biyu ce. Wadda ta tsaya a yaɓe ba abin damuwa ba ce. Amma wadda ta ratsa bango, tana kuma ƙara buɗewa, alama ce ta cewa harsashi yana motsi ko rufi ya fi ƙarfin bango. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830, ya nuna cewa ginin ƙasa yana iya kusan shekara 200 a tsaye. Amma a watan Agusta na 2023 wani sashe nasa ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka, bayan an ga tsaga a jikinsa. Ashe daɗewar gini ba ta ɗauke wa mutane nauyin duba shi.

Sarrafa Zafi

A watan Afrilu zafin rana a Kano yakan kai digiri 40 a ma'aunin santigiret. Ƙarfe yana gudanar da zafi kimanin ninki 50 fiye da busasshiyar ƙasa, shi ya sa ɗakin kwano marar silin yake ɗaukar zafi tun da hantsi. Bangon tubali mai kauri kuwa yakan shanye zafin ya riƙe, sai bayan sa'o'i da dama yake sakinsa cikin ɗaki. Wannan jinkiri shi ne sirrin sanyin soro da tsakar rana, da kuma ɗuminsa a daren hunturu. Illarsa ita ce a daren bazara ɗakin yakan yi zafi, don haka wajibi ne a duba ko akwai tagogi da iska za ta ratsa, da tsakar gida mai inuwa. Gidan da ke sanyaya kansa yana rage wa mai shi kuɗin lantarki da na man janareto duk shekara, kuma wannan ragi wani ɓangare ne na darajarsa.

Tarihin Mallaka

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha ta Nijeriya amana a hannun gwamna. Wanda ya mallaki gida a birni kafin dokar ana ɗaukarsa tamkar wanda gwamna ya ba izinin zama, don haka rashin takardar shaidar mallaka ba ya nufin gidan ba shi da asali. Sai dai dokar ta shar'anta amincewar gwamna wajen sayar da wannan haƙƙi ko jinginar da shi. Haka kuma gwamnati tana iya karɓe wuri domin amfanin jama'a, ta biya diyyar abin da aka gina a kai. Saboda haka mai saye ya tuntuɓi hukumar tsara birane, ya ji ko faɗaɗa titi ko magudanar ruwa za ta bi ta gidan, ko kuma an ƙara bene ko shaguna ba da izini ba. Idan gidan gado ne, sai ya tabbatar an raba gadon, magada duka sun yarda. Mai unguwa da tsofaffin maƙwabta sukan san iyakokin da babu su a takarda.

Bayan an tattara waɗannan bayanai ne ake kwatanta gidan da makamantansa da aka sayar kwanan nan a unguwar, a cire kuɗin gyaran da yake bukata. In ba haka ba, an yi cinikin biri a sama.

Aiki ga Ɗalibai

A samu ma'aunin zafi biyu, a rataye ɗaya a ɗakin soro, ɗaya a ɗakin kwano, nesa da taga. A rubuta abin da kowanne ya nuna duk bayan sa'a biyu, daga ƙarfe 6 na safe zuwa ƙarfe 10 na dare, har kwana uku. Daga nan a zana jadawali, a gano lokacin da kowane ɗaki ya kai ƙololuwar zafinsa, a kuma bayyana dalilin tazarar da ke tsakaninsu.