Begen Mai Bi a Ranar Tsanani

Karatu: Romawa 5:1-11, Ibraniyawa 11:32-40, 1 Bitrus 1:3-9.
Ayar haddacewa: Romawa 5:5.

Gabatarwa

'Yan'uwa, da wuya masu bi su taru a nan Jos ba tare da mai ciwo a zuciya a cikinsu ba. Akwai waɗanda suka binne 'yan'uwansu a tashin hankalin da ya fara ran 7 ga Satumba, 2001. Akwai waɗanda dukan jarinsu ya ƙone sa'ad da wuta ta cinye babbar kasuwar Terminus cikin Fabrairu, 2002. Akwai waɗanda nasu suka fita cefane ran 20 ga Mayu, 2014, bom ya tashi, ba su komo gida ba. Banda waɗannan kuma akwai wahalar da jarida ba ta bugawa: macen da ta shekara goma ba haihuwa, da yaron da ya fāɗi jarrabawa, da manomin da ciwo ya ƙone masa dankali a gona.

Mutane su kan ce, bayan wuya sai daɗi. Sau da yawa kuwa haka ya kan zama. Amma me za mu ce game da wanda wuyarsa ta raka shi har kabari? Wannan ce tambayar darasinmu.

1. Mene ne bege?

Mu da mu ke aikin fassara mun sha wuya da wannan kalma. Manzo Bulus ya rubuta da Helenanci, kalmarsa kuwa tana nufin sauraron abin da ya tabbata zai zo. Kalmar fata ba ta isa ba, gama mutum ya kan yi fatan samun riba, ya kuwa sani mai yiwuwa ne ya yi hasara. Waɗanda suka fitar da Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 sun zaɓi bege. Waɗanda suka sāke fassara daga baya sun zaɓi sa zuciya. Dukansu biyu suna koya mana abu. Ba a begen wanda ba a sani ba. Matar da mijinta ya yi nisan tafiya tana begensa domin ta san shi, tana kuma ƙaunarsa. Sa zuciya kuwa halin mai duban hanya ne, wanda aka yi masa alkawari, ya share ɗaki yana jira. Begen mai bi ya haɗa biyun nan: mun san Wanda mu ke jira, mun kuma amince da alkawarinsa.

2. Sarƙar da Bulus ya ƙulla

A Romawa 5:3-4 Bulus ya jera abu huɗu, kowane yana haifar na gabansa: tsanani, sa'an nan jimiri, sa'an nan halin da aka gwada aka iske shi na ƙwarai ne, sa'an nan bege. Kalma ta uku daga wurin masu gwada ƙarfe ta fito. Mutanen Filato ba su bukatar dogon bayani a kan wannan. Mai aikin kuza ya kan zuba ƙasa a ruwa, ya yi ta wanke ta; yashi ya bi ruwa, baƙar kuza mai nauyi ta kwanta a ƙasa. Ruwan bai halicci kuzar ba, ya dai bayyana inda ta ke.

Sai mu lura da kyau. Wahala ita kaɗai ba ta gyara kowa. Mun ga waɗanda ta mai da su masu ɗacin rai da neman ramuwa. Shi ya sa Bulus bai tsaya a aya ta 4 ba. Daga aya ta 5 zuwa ta 8 ya nuna harsashin ginin, watau ƙaunar Allah wadda Ruhu Mai Tsarki ya ke tabbatar mana a zuciya, wadda kuma ta bayyana a fili ran da Kristi ya mutu dominmu muna masu zunubi tukuna. Wannan abu ya riga ya faru. Ba gobara ko annoba da za ta iya warware shi.

3. Shaidu daga ƙasarmu

Ran 4 ga Disamba, 1893, samari uku suka sauka Ikko da niyyar kawo bishara ƙasashen nan na arewa: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Cikin 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent kuma ya mutu a Bida. Bingham ya koma Kanada. Ya sāke zuwa a 1900, zazzaɓi ya sāke ka da shi, aka mai da shi gida. Sai a 1902 aka kafa tashar mishan ta fari a Patigi. Daga wannan aiki na SIM ne ekklisiyar ECWA ta fito a 1954.

Ga wani labari kuma na garin nan. Cikin Janairu, 1969, wata nas ta mishan, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓin da likitoci ba su sani ba a garin Lassa, wanda ke Jihar Borno yanzu. Aka kawo ta asibitin mishan na SIM a Jos, ta rasu. Charlotte Shaw, nas ɗin da ta yi jinyarta, ta kamu, ta rasu cikin Fabrairu. Ta uku, Penny Pinneo, ita ma ta kamu, aka kai ta Amurka, ta warke bayan doguwar jinya. A wannan shekara masana a Jami'ar Yale suka gano ƙwayar cutar, aka sa mata suna zazzaɓin Lassa. Da farkon 1970 ciwon ya ɓarke a asibitin Evangel, wanda mutanen gari ke kira Jankwano. Ya kama majinyata da ma'aikata 'yan ƙasa, fiye da goma suka mutu. Likita Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawar wani majinyaci domin ta gane abin da ke kashe mutane. Ta rasu ran 18 ga Fabrairu, 1970.

4. Kuskuren da za mu guje wa

Da sauƙi mu ce: ai ga ECWA ta yaɗu, ai ga an gano cutar, ashe wahalarsu ba ta tafi a banza ba. Gaskiya ne, muna kuwa gode wa Allah. Amma Gowans bai ga ko ɗaya daga cikin ekklisiyoyin nan ba. Abin da ya gani a Girku ciwo ne da kaɗaici. Zazzaɓin Lassa kuma har yau yana kashe mutane a Nijeriya kowane rani. In begenmu ya rataya a kan ganin amfanin wahala da idonmu, to, me ya rage wa gwauruwar da ba ta ga wani alheri ya fito daga mutuwar mijinta ba?

Ku sāke duba Ibraniyawa 11. A aya ta 34 akwai waɗanda suka tsira daga takobi. A aya ta 37 akwai waɗanda takobi ya kashe. Aya ta 39 ta haɗa su duka a shaida ɗaya, ta kuma ce dukansu ba su karɓi cikar alkawarin a zamaninsu ba. Pinneo ta warke, Shaw ta mutu. Asibiti ɗaya, aiki ɗaya, Ubangiji ɗaya. Kada wani ya ce bangaskiyar wadda ta warke ta fi ta wadda ta mutu. Wanda ya koya wa mutane cewa kowane mai bangaskiya lalle ya warke ko ya yi arziki, yana ɗora wa masu makoki kaya na biyu, watau zargin kansu.

Bitrus ya ɗaure begenmu a wuri guda, shi ne tashin Yesu Kristi daga matattu (1 Bitrus 1:3-4). Tun da kabarinsa ya buɗe, ashe kabari ba shi ne ƙarshen labarin masu binsa ba. Daɗin da ke bayan wuya tabbatacce ne, sai dai wani ya kan ɗanɗana kaɗan a nan, wani kuwa sai ran tashin matattu.

5. In laifin namu ne fa?

Wata wahala daga waje ta ke zuwa, wata kuwa mu muka jawo ta. Akwai dattijon ekklisiya da ya fāɗi cikin zunubi, akwai wanda ya ci amanar kuɗi, akwai wanda tsoro ya sa ya gudu ya bar ɗan'uwansa a ranar tarzoma, har yau kuwa ba ya iya barci. Ku tuna wanda ya rubuta wasiƙar da muka karanta. Shi ne ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya. Bayan tashinsa, Yesu ya neme shi a bakin teku, ya ba shi abinci, ya danƙa masa kiwon tumakinsa (Yohanna 21). Mai tuba yana da rabo a begen nan daidai da kowa.

6. Abin da za mu aikata

Na fari, mu bar mai kuka ya yi kukansa. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, ko da shi ke ya san zai tashe shi. Zabura 88 kuma ta ƙare cikin duhu, duk da haka addu'a ce.

Na biyu, mu rage magana a gidan makoki. Abokan Ayuba sun kyauta kwana bakwai da suka zauna shiru. Da suka soma neman dalilin wahalarsa ne suka yi kuskure.

Na uku, mu sa hannu. Mudun masara, da kuɗin makarantar maraya, da ziyara bayan an watse daga makoki, su ne wa'azin da mai baƙin ciki ya ke iya ji.

Na huɗu, mu bar ramuwa ga Allah (Romawa 12:19-21). Maƙwabtanmu Musulmi su ma sun binne nasu a garin nan. Wanda ya tabbata akwai Mai Shari'a mai adalci ba ya bukatar ɗaukar adda.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin fata da bege? Ku kawo misali daga zaman gidanku.
2. Don me Bulus ya kawo mutuwar Kristi cikin zancen tsanani?
3. Me Ibraniyawa 11:34-39 ke koya mana game da mai bi wanda aka yi masa addu'a, bai warke ba?
4. Wane ne a unguwarku aka daina ziyarta tun da aka tashi daga makoki? Wa zai je wurinsa a makon nan?

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, kai da ka ta da Yesu daga matattu, ka dubi masu makoki na garin nan. Ka riƙe waɗanda ba su ga dalilin wahalarsu ba, ka ta da waɗanda suka fāɗi, ka tsare hannuwanmu daga ramuwa, har ran da za mu ga fuskarka. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.