Kafin a yi wa filashi fomat, a fara sanin inda za shi

Da yawa daga cikin filashi da memorin da ake kawo mana shagon gyara wai sun lalace, lafiyarsu ƙalau. Tsarin da aka yi musu fomat da shi ne bai dace da na'urar da aka soka su ba. Shi ya sa nake ganin abin da ya kamata ya yanke hukunci wajen zaɓen tsari shi ne inda filashin zai riƙa shiga, da girman abin da za a zuba masa.

Dubi FAT32, wanda Microsoft ya fitar a 1996. Tsoho ne, kuma tsufan ne amfaninsa: rediyon mota, talabijin, dikoda, kusan kowa ya san shi. Sai dai ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4. Mai ɗaukar bidiyon biki zai ga filashi mai gigabait 64 babu komai a ciki, amma kwamfuta ta ce fayil ya yi girma, sai ya ɗauka jabu aka sayar masa. Wannan matsalar ce exFAT ya zo ya warware a 2006, kuma shi ne tsarin da memori mai sama da gigabait 32 ke zuwa da shi daga kamfani. Windows da Mac duk suna karanta shi, suna rubutu a kansa. Duk wanda kayansa ke yawo tsakanin kwamfutoci, nan ya kamata ya tsaya, in dai ba tsohuwar rediyon mota ce za ta karɓa ba.

Wani zai ce ai NTFS ya fi aminci, me zai hana a yi wa komai shi? Akwai gaskiya a maganar. NTFS yana rubuta abin da zai canza kafin ya canza, don haka idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar kwafi, yakan iya gyara kansa, abin da exFAT ba ya yi. A inda wuta ba ta da tabbas, babban faifan da ke zaune kan kwamfuta mai Windows ya cancanci NTFS. Amma kai shi kan Mac, zai buɗe, ya ƙi karɓar ko hoto ɗaya sai an saka wata manhaja, wayoyi da dama kuwa ko kallonsa ba sa yi.

Masu cewa in bai yi ba a sake fomat, sun manta cewa sauya tsari yakan tafi da duk abin da ke ciki, sai an fara kwashe shi zuwa wani wuri. Kuma fomat na gaggawa jerin sunayen fayiloli kawai yake sharewa, bayanan suna nan, ana iya tono su. Wanda zai sayar da faifansa ko ya ba da aro, idan zai yi masa fomat, ya cire alamar zaɓin gaggawar, domin tun daga Windows Vista cikakken fomat yana bin faifan gaba ɗaya ya shafe shi.